Nonon da Ya Zo Bayan Jana'iza

Zuwa ga ƙanena Hurshed, a Surgut.

Bayan sallama da gaisuwa mai ɗauke da ƙamshin gida, ina roƙon Allah Ya tsare ka daga sanyin Rasha da kaɗaicinta. Umma tana nan da ciwon gwiwarta. Rumman ɗin tsakar gida ya nuna har ya tsage, babu mai marmarin tsinka.

Ka ji rasuwar jaririnka ta waya, amma akwai abin da harshena ya gaza ɗauka, sai alƙalami. Kashegarin da muka binne shi ruwan nonon matarka Sitora ya sauko, kamar baƙon da ya iso biki bayan an watse. Matata Mohira ta shaida mini ƙirjin ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, ko riga ba ta so ta taɓa ta. Aka kira ungozoma, Hola Rajabmo. Ta gasa mata da tsumma mai ɗumi, ta shafa man angurya, tana murzawa a hankali daga hammata zuwa gaba, tana tatsewa a kofin shayi. Tana yi tana tsokana, wai hannun da ya tsufa a kwaɓin burodi ba wannan zai gagare shi ba, wai yi kukanki 'yar nan, hawaye da nono hanyarsu ɗaya. Abin da aka tatsa kuwa ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa, gindin inabi Mohira ke kai shi.

Hola ta ce tausar sauƙi ce kawai, muddin ana tatsa zai ci gaba da zuwa, gara a ɗaure ƙirjin ya ƙafe. Sitora ta ƙi. Ta ce shi kaɗai ya rage mata daga yaron. Da na ji, sai wannan baiti ya zo mini:

Marmaro ya ɓuɓɓugo, mai ƙishin ya tafi,
Wa zai gaya wa marmaro ya yi haƙuri?

Ga dalilin wasiƙata. Matar maƙwabcinmu Davlat ta haifi 'ya mace, nononta bai kawo ba. Duk sa'ad da kukan jaririyar ya tsallako katanga, rigar Sitora takan jiƙe. Hola ta ce bakin yarinyar nan ya fi hannunta magani. Umma ta ce ba a shayarwa sai da izinin miji, domin yarinyar za ta zama 'yarka har abada. Na san ba ka yi wa Davlat magana tun rigimarku a kan ruwan lambu, ban kuma ce ka manta ba. Amma idan ka ƙi, ɗaure ƙirjin za a yi, ni kuwa ban san wanda zai iya shiga ɗakin da zanen ɗaurin ba.

Umma da Mohira suna gaishe ka, haka Kawu Nazar. Sitora ba ta ba da saƙon gaisuwa ba, ta dai tambaye ni kwana nawa wasiƙa ke yi a hanya.

Yayanka mai begenka,
Saidmurod