A Sauke Hannu, Baba Muntaka

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Kwana tara ke nan Malam Istifanus bai zo teburina ba. Shekara goma sha takwas ina sayar da shayi a bakin titin nan na Tudun Wada, kuma tun farko gefen bencin nan nasa ne. Likita ya hana shi suga da madara. Wai yanzu gahawa yake sha a gida, baƙa ƙirin, 'yarsa Suzana ke haɗa masa. Ba mai musu da ni a kan labaran rediyo. Gaskiya ina kewarsa.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na je gidansa a Hanwa dubiya. Na ce masa, me ke cikin gahawa da zai gagari mai shayi? Ya yi dariya har da tari, ya ce in na haɗa ta kamar ta Suzana, zai dawo bencinsa. Muka tafa. Suzana ta ara mini mazurari da takardun tacewa, ta ɗibar mini garin gahawa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Malam Istifanus ya zo gwaji. Na sa takarda a mazurari, na zuba gari, na ɗaga buta sama da kaina yadda nake sheƙa shayi. Mutane har tafi suka yi. Ruwa ya tsaya cak ya ƙi sauka, sai na sa cokali na dama sosai. Malam ya kurɓa sau ɗaya ya runtse ido. "Muntaka, ai maɗaci ka jiƙa mini." Ya hau acaɓa ya tafi.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Ni da aka sani da hannu tun daga nan har unguwar Kongo!

Talata, 15 ga Oktoba
Suzana ta biyo kafin ta wuce aiki. Wai ruwan da ya faɗo daga sama yana tayar da garin, mai laushin ya gangara ya toshe takarda, ruwa ya daɗe a ciki ya kwaso ɗaci. Cokali kuma ya ƙarasa ɓarnar. "Baba Muntaka, a sauke hannu. A fara jiƙa shi da ɗan ruwa, a jira ya kumbura, sannan a zagaya a hankali." Na ce to ina kumfa? Ta ce ba a neman kumfa. Abin sha ba kumfa! Yarinyar da na sani tun tana goye.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Yau sanyin hannun ya yi yawa. Ruwa ya bi ta tsakiya ya wuce, gefen garin ko jiƙa bai yi ba. Salam, ga ɗan tsami. In ka tayar da shi laifi, in ka ƙyale shi laifi. Kulu matata ta ce ai na samu daidai da ni.

Talata, 22 ga Oktoba
Hannu ya ƙi ji. In na fara ƙasa-ƙasa, kafin in ankara ya haura. Sai na maƙale burodi a hammata, hannu na tashi burodi zai faɗi. Biyu sun faɗi. Mu muka cinye su a gida.

Asabar, 26 ga Oktoba
Malam Istifanus ya dawo gwaji. Bakin buta dab da gari, zagaye uku a hankali, na ɗan girgiza mazurari sau ɗaya. Ba wanda ya tafa. Na miƙa masa kofi na tsaya, sai ka ce ɗan jarrabawa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya tuɓe takalmi, ya harɗe ƙafa a benci. "Ƙara muryar rediyon nan, mu ji ƙaryar da za ka goya wa baya yau."
Alhamdu lillahi.

Litinin, 28 ga Oktoba
Wani direba ya ce, "Malam Muntaka, yau ba a sheƙa shayin ba?" Na duba, ashe a hankali na zuba masa, hannu a ƙasa. Na ce kafaɗa ce ke damuna. Malam Istifanus ya dube ni ta saman tabarau, bai tona ni ba.
Gahawa kofi biyu na haɗa da safe. Na biyun na ɗanɗanawa ne kawai, kada in ba mutum abin da ban sani ba. Ban sa suga ba. Mantawa na yi.