A Mayar da Allon da Aka Tuge a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar 'Yan Arewa mazauna Greensboro, da dattawan kwamitinsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ce Asabe, matar Malam Haruna na Pleasant Garden, wanda ciwon ƙoda ya kwantar tun bara. Na so mu yi maganar nan a ɗaka, Alhaji, amma duk sanda na buga waya sai a ce in yi haƙuri, maza na shawara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na rubuta inda kowa zai karanta.

Na farko. Da Malam ya bar aikinsa a masaƙa, ma'aikaciyar asibiti ta ce mu nemi tallafin da gwamnati ke ba wanda ciwo ya hana aiki. Ka zo har falonmu ka ce abin kunya ne ɗan Arewa ya shiga layin roƙo alhali yana da 'yan'uwa, ƙungiya za ta riƙa biyan banki kuɗin gidan. Malam bai taɓa musa maka ba. Kun biya wata biyu, Allah ya saka da alheri, daga nan shiru. Da na je ofishin tallafin a ɓoye, aka ce sai mun yi watanni muna jira, kuma ko ya fito, iyakarsa abinci da magani, ba zai ɗauki bashin gida ba. Matar da na samu a ofishin ta dube ni ta ce gara mu sayar da hannunmu kafin banki ya sayar mana.

Na biyu. Na samo dillaliya, ta kafa allon sayarwa a bakin titi. Bai kwana biyu ba aka tuge shi. Ta kafa wani, shi ma ya bi sahu. Maƙwabcinmu Bature ya ga wanda ya jefa shi a bayan mota, kuma ni ma na san motar, don na sha zuba wa mai ita tuwo. Hujjarku wai ba a sayar da gida mai shi na kwance, kamar an yi masa fatan mutuwa ne. To, bankin nan bai san wannan camfin ba.

Na uku. Dubiya lada ce, ban ƙi ba. Amma ta yaya duk ranar da dillaliya za ta kawo masu saye, ranar ce zumunci ke motsa muku gaba ɗaya? Motoci a kan ciyawa, takalma tuli a ƙofa, falo ba masaka tsinke. Wasu ma'aurata sun shigo suna sha'awar gidan, Baba Yakubu, ma'ajin ƙungiya, ya bi su ɗaki ɗaki yana faɗa musu da Turancinsa mai kyau cewa rufin yana yoyo. Rufin lafiyarsa ƙalau. Dillaliya ta ce in aka sake yi mata haka ta janye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaset ɗin da aka ɗauka aka aika wa mahaifiyar Malam a Zariya, wai ina sayar da gidan ɗanta tun yana numfashi. Tsohuwar ta daina amsa gaisuwata. Ni da nake kai shi wankin ƙoda, in wuce aiki gidan tsofaffi, in dawo in yi masa wanka, ni ce yau mai jiran gado.

Ga halin da ake ciki. Takardun banki sun tashi daga tuni sun koma gargaɗi. Makon jiya wani mutum ya tsaya da farar mota, ya ɗauki hoton gidan ta gaba da ta baya, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Lauyan da na tuntuɓa ya ce in aka wuce ƙarshen shekara, gwanjonsa za a yi a ƙofar kotu a cikin gari, duk abin da muka zuba tun zuwanmu ƙasar nan ya tafi, mu fito da katifa da marar lafiya. In kuwa muka sayar da kanmu, za mu samu ragowar da zai kama mana ɗan ɗaki kusa da asibiti.

Kuma ku sani, Malam ne da kansa ya ce a sayar. Nauyinku yake ji, shi ya sa in kun zo yake juya fuska bango. Ya ce mini, "Asabe, ki yi sauri tun hannuna yana jin magana." Gidan da sunansa yake, ba mai sayarwa sai ya sa hannu, kuma likita ya ce in ciwon ya ci gaba, hankalinsa zai riƙa zuwa yana tafiya. In ta kai ga haka sai na bi ta kotu, banki kuwa ba zai jira kotu ba.

Saboda haka ina roƙonku don girman Allah: a mayar da allon, a bar mana ranar Asabar da dillaliya za ta sake kawo masu saye, a kuma aika wa Hajiya mahaifiyar Malam wani kaset ɗin da muryarka, Alhaji, ka faɗa mata gaskiya. Ba na neman ko sisinku.

Jiya na miƙa wa Malam kofin shayi, ya riƙe da hannu biyu, duk da haka ya zube.

Allah ya ja zamaninka, ya kare gidanka daga jinya mai tsawo, kada ya nuna wa iyalinka irin ranar da nake hangowa.

Wassalam.

Asabe Haruna,
Pleasant Garden.