Muryata a Zikirin Gidan Hajiya Fanna

Daren Juma'a, Damagaram

Barci ya ƙi zuwa. Ga zafi, ga an ɗauke kuran, ba wuta, sai juyi nake.

Da la'asar na hau kabu-kabu zuwa Zango, gidan Hajiya Fanna, inda mata ke taruwa zikiri. Binciken da nake a jami'a a kansu ne: ko ibadar da suke yi su kaɗai, ba liman ba miji, tana sauƙaƙa musu rayuwa. Malamina ya ja mini kunne: "Zauna gefe, ki ɗauki murya, ban da sa baki."

Gefen na zauna, salula a cinya. Sai Hajiya ta ce a yi wa iyayen da suka rasu addu'a, kowace ta kira sunan uwarta. Da aka zo kaina ta ce, "'Yata, ke fa? Ko masu bincike daga sama suke faɗowa?"

Na ce, "Zara." Ko Inna tana raye ban taɓa kiran sunanta da bakina ba.

Ɗazu na kunna muryar da na ɗauka don in rubuta. Kukan wata ya rufe zikirin, wata tsohuwa tana cewa, "Ku bar ta ta yi." Mai kukan ni ce. Na kai yatsa zan goge, na kasa. Gobe malam zai saurara, ban san me zan ce masa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, na dawo na cinye tuwona tas, karon farko tun rasuwar Inna. A wane babi zan sa wannan?