Zanen Modu a Bangon Gidan Gem

Zuwa ga Modu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma ba karanta saƙona kake yi ba, da ka buɗe ka ga tsawonsa sai ka kira ni ka ce in faɗa da baki. To yanzu babu kira, Babarbare, dole in rubuta, kuma ba ka da damar katse ni.

Gari lafiya lau. Ruwa ya zo bana ma, ya tsaya a bakin jinga, matasan unguwa suka yi ta cika buhu da ƙasa har ya ja da baya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa ta wajen gonar kawunka, rabin shinkafarsa ya nutse, sauran kuma tsuntsayen jan-baki suka yi shagali da ita. Ƙanwarka Yagana ta haifi mace, ta gama wanka ta koma ɗakinta a Malam Madori. Gidan gem ɗinmu yana nan bayan tasha. Na canja batirin sola, bencin nan mai karkata kuwa har yau yana karkata. Sababbin yaran da ke zuwa ba su san ka ba, bangonka kawai suka sani.

A kan bangon nan na zauna rubutu. Na hannun dama in an shigo, wanda ka raba gida biyar ka zana Ɗan Fitila a huɗu. Yaron nan mai fitila da igiya da ke yawon neman inda aka ɓoye ruwan garinsu, wanda muka kasa faɗar sunansa na Turanci muka raɗa masa namu. Duk fitowar wasan da kamannin da suke ba shi, kai kuma duk fitowa sai ka ba ta gidanta a bango. Gida na biyar ka bar shi fari kana jiran sabuwa, ciwon ƙoda ya riga ta zuwa.

Iya, mahaifiyarka, ta aiko a kira ni bayan babbar salla. A makarantar matan aure ta ji ana karanta cewa masu zana abu mai rai za a ce su busa masa rai ranar ƙiyama, kuma ba za su iya ba. Tun daga ranar abinci ya daina shigarta. Ba ta taɓa ganin bangon ba, labarinsa take ji a bakin yara. Ta ce ba ta da abin aika maka sai addu'a, kuma ba za ta yi ta addu'a ta nan ba alhali wani abu yana ƙara maka nauyi ta can. Ta ce in shafe. Ban yi mata gardama ba. Wa zai yi wa uwa gardama a kan kabarin ɗanta? Amma ka san ni da neman kafa. Na je na ɗauko Malam Liman na masallacin layinmu na kawo shi shago, ko zai rage mini wani abu. Ya ce bishiya da ruwa da gidaje babu laifi, abu mai rai kuwa kansa shi ne hoton, in an kawar da kan saura ya zama kamar kututture. Sai muka bi bangon gida-gida, ni da shi.

Gida na farko shi ne na fitowar da muka fara bugawa muna yara, a talabijin ɗin nan mai ƙusumbi na yayanka. Ka tuna ta? Daga sama ake kallon komai, yadda shaho ke kallon tsakar gida. Yaron ba komai ba ne illa 'yan murabba'ai da aka jera, ɗigo biyu ido, fitilar murabba'i ɗaya rawaya. Ruwa shuɗi ne da farin layi yana ƙiftawa. Ba mai nuna maka hanya, ba mai yi maka bayani. In ka ɓata, ka ɓata ke nan, sai gobe a makaranta wani ya gaya maka wace bishiya ake turawa. Ka zana shi da rula, murabba'i bayan murabba'i, kana ta mita wai wannan ba zane ba ne, ƙidaya ce. Malam ya sa tabarau ya duba ya sake dubawa, ya tambaye ni ina mutumin yake. Ya ɗauka zanen hula ne. Ya ce a bar shi.

Fitowa ta biyu ita ce wadda ta sa muka yi tsalle a kan benci. Ranar ce muka fara ganin bayan yaron, muka fara zagaya dutse mu ga ɗaya gefensa. Yanzu in ka kunna ta dariya za ta kama ka. Jikinsa duk kusurwa kamar an yanko shi daga kwali, hannu babu yatsu, hanci kamar bakin garma. Nesa kuwa hazo suka zuba, mu muna cewa salo ne, ashe injin ne bai iya zana nesa ba. Amma gidajen ƙarƙashin ƙasa na wannan fitowa babu kamarsu, wannan mun yarda mu biyu. Ka shiga ɗaki ka hango ƙofa a sama ba ka san ta inda za ka kai ta ba, ka yi ta yawo, can sai ka faɗo daidai bakinta ka gane ashe gidan gaba ɗaya zagaye ɗaya ne. Malam ya ce kwali ko ba kwali ba, wannan kan mutum ne, a rufe.

A kan ta uku muka fi yin faɗa. Suka mai da yaron ɗan ƙarami mai ƙaton kai, launi shimfiɗe babu inuwa kamar atamfa, hayaƙi yana murɗewa kamar zanen lalle. Ka jefar da hannun gem ka ce an raina mu, mun girma su kuma sun mai da mu 'yan firamare. Ni kuwa ita ce tawa har gobe. A cikinta babu kibiya mai nuna hanya, launi ne ke magana: duk abin da igiya za ta kama ja ne, duk abin da fitila za ta ƙona ruwan ƙasa ne, ido na gani hannu ya san abin yi. Kuma ba ta tsufa. Ta biyu ta tsufa, ta huɗu ma ta fara, wannan kuwa yadda ta fito haka take. Ka zana ta kana ɓata rai, cikin yini guda, amma ta fi kowacce jan hankalin yara. Da na rufe kan sai na ga kusan babu abin da ya rage, domin kan shi ne rabin yaron.

Sai ta huɗu, taka. Nan suka ce bari su yi mutum sosai. Gumi a goshi, taɓo a ƙafa, zaren riga ana iya ƙirga shi, duniya duk ta koma ruwan toka da ruwan ƙasa. Ka ce yanzu ne aka yi wasa. Ni na ce an yi hoto aka manta da wasa, domin hanya ɗaya ce tal kamar lungun unguwarku, ga kibiya tana jan ka da hanci, ka yi taku kaɗan a karɓe hannun daga gare ka a nuna maka fim. Shekaru muka yi muna wannan magana, ba ka sauka ba, ban sauka ba. Har yau ban sauka ba, kada ka ɗauka mutuwa ta ba ka gaskiya.

Akwai dai abin da ban gaya maka ba. Zanenka na gida na huɗu ya fi wasan kyau nesa ba kusa ba. Na san haka tun ranar da ka sauko daga kan tebur kana goge hannu da tsumma, kana jira in yi magana, na ce maka ya yi duhu. Su dajin ƙasarsu suka zana. Kai ka sa masa fadama a baya, da giginya, da kwalekwale a ɗaure, da tsuntsayen nan masu dogon wuya da muke gani in mun je dausayin Baturiya. Fuskar kuma taka ce. Ka musa har ka gaji, amma wushiryar fa? Tabon girar da ƙofar shago ta yi maka fa? Hotunanka na waya suna nan, sai dai a cikinsu ko ka ƙame kamar mai ɗaukar katin zaɓe, ko ciwo ya riga ya cinye ka. A bangon nan kaɗai kake kallon mutum ta gefen ido, yadda kake yi in ka san ka fi shi gaskiya. Malam ya tsaya a gabansa, ya yi maka addu'a ya fita. Ni kuwa ban tambaye shi hukuncin wannan ba.

Ta biyar ta fito, in kana son sani. Sun raba mana gardama ba tare da sun san mu ba. Jikin mutum ne sosai, amma launin mai taushi ne kamar an jiƙa shi da ruwa. Hazo babu, lungu babu, duk dutsen da ka hango za ka iya zuwa ka hau. Da ka ce fuskar ba ta da nauyi, da na ce gidajen ƙarƙashin ƙasa sun yi ƙanana. Na buga ta ni kaɗai na kai ƙarshe, babu wanda zan yi wa musu. Gidanta a bango yana nan fari.

Na biyu da na uku ni kaɗai na rufe su, ban ji komai ba. Na huɗu Iya ta ce za ta zo a yi a gabanta. Ka taɓa zaton za ka ga Iya a gidan gem? Ta zo da hantsi da hijabinta har ƙasa, na sallami yara na kashe talabijin. Wani daga cikinsu ya ce in ɗauki hoton zanen a waya kafin in shafe. Ban ɗauka ba. Na ga in na ɗauka, ban shafe ba ke nan.

Ta daɗe tsaye a gaban bangon. Ta tambaye ni ko haka kumatunka suke lokacin da ka zana, na ce haka suke. Ta ce ta manta. Ta sa yatsa a kan tabon girar ta bi shi. Wallahi, Modu, na sa rai za ta ce a bari. Na riƙe buroshi ina jira, ina ƙirga abin da zan gaya wa Malam. Sai ta ja baya ta zauna a benci ta ce in yi bisimilla.

Fentin ruwa na saya, irin na shafen ɗaki, shi na rufe sauran da shi. Na shafa a fuskar, ya rufe, na ajiye buroshi. Kafin in wanke hannu fentin ya fara tattarewa yana gangarowa, idonka ya leƙo. Na sake shafawa, ya sake zamewa. Sai a lokacin na tuna wannan gidan da fentin mota ka yi shi, wanda ka roƙo a wurin masu gyaran tirela, kana cewa sauran za su koɗe amma wannan sai dai bango ya faɗi. Fentin ruwa ba ya kama fentin mai. Kai ka san haka, ni ban sani ba. Me ya sa ba ka taɓa yin abu rabi-rabi ba?

Na ce wa Iya ta je gida, zan nemo fentin da ya dace in ƙarasa. Ta ce ba za ta iya sake zuwa ba, kuma ba za ta iya tafiya ta bar ka haka ba. Sai na tsallaka wurin kafinta na karɓo samfefa mai kaushi. Da ita na yi aikin. Na fara daga gashi na gangaro goshi, na bi ta kunne, na yi ta zagaye ina kauce wa tsakiya har babu sauran inda zan kauce. Garin fentin yana zubo mini a hannu da gaban riga. Ita tana bayana tana jan carbi, ban waiwaya ba, ita ma ba ta ce in dakata ba. Da siminti ya fito ta tashi ta matso ta duba da kyau, ta tabbatar babu abin da ya saura. Ta sa mini albarka. Ta ce yau za ta ci abinci.

Yanzu abin da ke gida na huɗu mutum ne tsaye a bakin fadama da fitila a hannu, da tabon siminti a inda kai yake. Giginyar tana nan, kwalekwalen yana nan. Tsuntsayen ma na bi su na goge musu kai, kada a bar baya da ƙura.

Ban sani ba ko nauyin nan yana kanka da gaske, wannan sanin na Allah ne. In yana kanka, to an sauke. In kuma babu shi tun farko, ka yafe mini, uwarka na duba. Abin da na sani shi ne jiya na zauna na rufe ido in tuno yadda kake kallon nan naka ta gefe, na yi ta ƙoƙari, abin da ke zuwa mini kawai shi ne ƙarar samfefa.

Allah ya jiƙanka, Modu, ya sa ka huta. Sai mun zo.

Abokinka,
Habu na gidan gem, Hadejia