Littafin Munir da Bindigar Kawu

Doguwa, Litinin

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Ga littafi nan na ba direba ya kawo miki. Labarin wani mutum ne da aka kashe masa ɗa, kotu ta saki masu laifin, shi kuma ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana aika su lahira, wani ɗan sandan ciki yana farautarsa. Wallahi tun da aka kashe Nazifi ban karanta abin da ya sanyaya mini zuciya kamarsa ba. Haushina ɗaya, a ƙarshe marubucin ya sa an kama shi. Mutumin da ya kamata a naɗa wa rawani!

Yaya, na ga Jibrin a kasuwar Tudun Wada. Shi ne fasinjan da aka ga ƙaninmu ya ɗauka a babur ranar da aka tsinci gawarsa a hanyar Kafin Maiyaki. An ba da belinsa. Yana zaune wurin mai shayi yana ta dariya.

Ƙaninki,
Munir

Ƙofa, Laraba

Munir,

Wa'alaikumus salam. Inna da sauƙi, yara lafiya. Na rubuto ne don na san in waya ce katsewa za ka yi.

Na karanta littafinka, kuma da ba naka ba ne da tuni na hura wuta da shi. Wanda ya rubuta shi bai taɓa zaman makoki ba. Gwarzon naka ba ya kuskure, duk wanda ya nuna da yatsa mai laifi ne, don marubucin ne ya shirya masa hakan. Kai wa zai shirya maka? Ka lura da direban da ya yanka a gareji? Matarsa ta fito da goyo tana ihu, layi ɗaya aka ba ta, aka koma wurin gwarzo yana wanke hannu. Ni a nan na tsaya, don irin ihun nan Hasiya ta yi da aka shigo mata da gawar mijinta Nazifi. Ɗan sandan da kake jin haushi shi kaɗai ne mai hankali a ciki.

Kawu Lawal ya ce ka ari bindigarsa ta farauta, wai birai sun dame ku a gonar makarantar da kake koyarwa. Birai, Munir? Ni za ka mayar yarinya? Ka mayar masa da ita.

Yayarka da ta goya ka, ba don ka zama haka ba,
Balaraba

Doguwa, Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Ke ihu kika ji, ni na yi wa gawar Nazifi wanka. Na ga abin da aka yi wa ƙeyarsa. Kada ki sake yi mini wa'azi a kan matar direban da ba ta taɓa rayuwa ba, alhali ga Hasiya can da marayu.

Kuma abin da kika yi ya iso ni. Jiya Kawu ya zo da mai unguwa har makaranta, gaban ɗalibaina, suka karɓi bindigar kamar sun kama ɓarawo. Wannan na haɗiye. Amma a ce kin hau mota har Tudun Wada, kin nemi gidan su Jibrin, kin ce wa uwarsa ya yi nesa da gari? Yanzu ya gudu, ba wanda ya san inda ya shiga, ranar kotu kuwa ba za a gan shi ba. Kin kuɓutar da wanda ya kashe ɗan'uwanki. Me za ki ce wa Nazifi ranar gobe?

Munir

Ƙofa, Lahadi

Munir,

Wa'alaikumus salam. E, na je. Uwarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ban sha ba. Ta ce, "Wallahi ɗana a Kiru ya sauka, baiwar Allah." Na ce, "Ban zo jin wannan ba, Baba. Ki dai ce masa ya bar gari."

Ban san ko shi ya kashe Nazifi ba. Kai ma ba ka sani ba, gani aka yi ya hau babur. In shi ne, na ɓata shari'ar ƙanina da hannuna, kuma kada ka zaci ina barci. Amma ba don Jibrin na yi ba. Inna ta binne ɗa guda, ba zan zauna ina kallo ta riƙa kai wa na biyun tuwo gidan yari ba, ko ta jira ranar da za a rataye shi. Ka tsane ni kana raye, na yarda.

Inna ba ta san komai ba. Tana tambaya ko za ka zo yankan dawa.

Allah ya shirye mu baki ɗaya,
Balaraba

Doguwa, Talata

Salamu alaikum.

Ki gaya wa Inna zan zo ranar Juma'a, na kwana biyu. Kada na tarar da ke a gidan.

Munir