Jirgin da Madugu Ya Zauna Gadi

Saƙo daga wani ɗan zauren nan, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna, ba na son a amsa mini abin da ban tambaya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna zaune a zauren gidanmu a Gangara, ni da Kawu ƙanen mahaifiyarmu, da limamin unguwa, da babban yayanmu wanda ake ce wa Madugu saboda yana kai kaya Maraɗi da Madawa. Abin da ya tara mu shi ne wa zai raka Inna Indiya karo na biyu. Na ce karo na biyu domin an yi na farko, kuma shi ya raka ta.

Bari in bi abin daki-daki. Inna na da ciwon zuciya, likitoci a Sakkwato suka ce aikin sai waje. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki, damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa gero bai gama fidda kai ba. Shanun huɗarmu muka sayar, da ma babu harawar da za a ba su, muka jinginar da gonar fadama, 'yan'uwa da ke cirani suka cika sauran. Da aka zo maganar ɗan rakiya, Madugu ya ce ba wanda ya san hanya a gidan nan sai shi. Hanyar da ya sani kuwa ita ce ta bayan a-kori-kura, bisa buhunan wake.

Ni ban taɓa shiga jirgi ba, karatuna ma a sakandare ya tsaya, amma abin da ban sani ba ina tambaya. Na je wajen ejan da ya yanka tikitin na ce ya yi mini bayani kamar yana yi wa ɗan aji ɗaya. Ya ce jirginsu ba zai ɗauke su daga Kano ya dire su Indiya ba. Za su sauka Adis Ababa, abin da ake kira taransit, su bar wannan jirgin su shiga wani daban. Kayansu ba ruwansu da su, ma'aikata za su juye su cikin jirgi na biyu. Katin shiga jirgi biyu za a ba su tun daga Kano, ƙofar na biyun kuma a allo ake duba ta. Agogon can ya riga namu da awa biyu. Sannan ya sa Inna cikin masu buƙatar keken turawa, za a ɗauke ta daga bakin jirgin farko har ƙofar na biyu, ba abin da ɗan rakiya zai yi sai ya bi bayansu.

Na dawo na zaunar da Madugu na jera masa, na ɗaya kaza, na biyu kaza. Da na ga kalmar taransit ba ta shiga ba, na ce masa kamar yada zango ne. Nan ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kai yaro, ni za ka koya ma zango? Kana goye nike kwana zangon Madawa." Na ƙyale shi, yayana ne.

Sun tafi sun dawo ba a yi aikin ba. Labarin da Madugu ya baza a gari shi ne jirgi ya gudu ya bar su, wai mutanen can ba su da amana. Har kasuwar Sabon Birni an ji, ana ta yi masa sannu da wahala, shi kuma yana gyara hula yana ƙara gishiri. Gaskiyar kuwa daga bakin Inna na ji ta, ran da na kai mata magani ɗakinta.

Ta ce suna sauka Adis Ababa ma'aikata biyu suka zo da keke, suka tura ta har cikin zauren filin jirgin, suna nuna katin suna cewa Indiya, Indiya. Madugu ya fizge keken daga hannunsu ya kore su. Ya ce mata 'yan kamasho ne, irin na tasha masu janye fasinja zuwa wata mota, shi ba a yi masa wannan. Sai ya nemi taga wadda ake hango jirgin da ya kawo su, ya shimfiɗa darduma a gabanta ya zauna. Ya ce, "Muddin wanga jirgi na tsaye, ba inda anka tahi." Ya ci kilishinsa, ya yi salla da agogon Gangara, ya koma ya zuba wa jirgi ido kamar mai tsaron shuka. Inna ta ji ana kiran wani abu mai kama da sunanta a lasifika, har sau uku, ta ce masa kamar ita ake kira, ya ce masu sunanta sun fi ƙasa yawa a duniya. Suna nan zaune wata ƙaramar mota ta zo ta ja jirgin nasa ta wuce da shi, ba kowa ciki. Nan ya miƙe yana bugun gilashi yana kiran direba. Wata 'yar kasuwa Bahaushiya da ke wucewa ce ta karɓi katin ta duba, ta ce nasu jirgin ya tashi tuntuni ta wata ƙofa can ƙarshen ginin.

Tunda su suka ƙi shiga, ba jirgin ne ya makara ba, sai da aka sake biya kafin a sa su a na washegari, awakin matata suka tafi a nan. Inna ta kwana bisa kujerar ƙarfe cikin sanyin na'ura, ta isa Indiya da tari. Likita ya ce ba ya taɓa zuciyar mai tari, ya ba ta magani ya sa mata sabuwar rana.

Da ta gama ba ni labarin sai ta kama hannuna ta ce kada in tona shi. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, wancan take ce masa, kuma kunyar nan ce ta hana ta musa masa ran da ta ji ana kiranta. Ta ce, "Ka bar ma wancan girmansa, shi kaɗai ya rage mashi bana." Na ce to.

Shi ya sa ranar Juma'a da ya miƙe ya ce shi zai koma da ita, wai yanzu ya san filin nan kamar tafin hannunsa, ban ce komai ba. Liman ya ce ai wanda ya taɓa zuwa ya fi, Kawu ya gyaɗa kai. Bayan an watse na tare shi bayan rumbu, mu biyu, na ce na san abin da ya faru, na nemi ya janye da kansa ya ce kasuwa ce ta riƙe shi, ba mai jin komai. Ko kunya bai ji ba. Ya ce laifina ne, ni na ce zango, wa ya taɓa yada zango ya tashi da motar da ba ita ta kawo shi ba? Na ce ai na faɗa masa wani jirgi ne daban, shi ne na ɗaya ma a jerin. Ya ce shi zango ya ji. Mutumin da ya ɗauki kalma ɗaya ya zubar da sauran saboda ƙanensa ne ya faɗa, shi ake so a sake damƙa wa uwarmu. Da na tambaye shi agogon can awa nawa ya riga namu, ya ce rana dai ɗaya ce ko'ina.

Ejan ya ce tikitin da ƙarfinmu ya kai wannan karon, tsakanin saukar jirgin farko da tashin na biyu ɗan lokaci ne, ba na shimfiɗa darduma ba. Gona ba ta rage da za a jinginar, shanu babu, karo na uku babu shi. Ni na riga na yi fasfo ban gaya wa kowa ba, kuma za ni iya bin bayan mai keke ba tare da na yi masa gardama ba. Juma'a mai zuwa Kawu zai aika wa ejan sunan ɗan rakiya, kuma ba zai tsallake babba ya ɗauki ƙarami ba sai ya ji dalili.

Ban zo neman a ce in yi haƙuri da Madugu ba, wannan na daɗe ina yi. Tambayata ɗaya ce. In karya alkawarin da na yi wa Inna in faɗa wa Kawu yadda ɗanta ya zauna gadin jirgin da ba kowa ciki, ko in riƙe maganarta in bar shi ya sake tura kekenta? Ku zaɓa mini ɗaya cikin biyun nan, ku faɗi dalili, kafin Juma'a.