Motar Matan Galadi

Galadi, Afrilu 2001

Zuwa ga Kawu Maitama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Kawu, da me kuke son mace mai cikin wata takwas ta je asibitin Shinkafi? Da fiffike? Kun hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, muka yi kabbara. Kwamitinku na shari'a ya kawo motar mata, aka yi hoto, aka sha lemo, tun ranar ko tayarta ba mu sake gani ba. Yaya Kulsumu ƙafafunta sun kumbura, kai na sara mata, ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai likita. Mijinta na ci-rani a Ikko. Duk mai babur ɗin da na roƙa sai ya ce yana tsoron a ƙwace masa abin neman abinci. Ka turo motar. A gaishe da Hajiya da yara.

Ɗanka, Hayatu

Ƙauran Namoda, Afrilu 2001

Ɗana Hayatu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan. Na ga takardarka, na kuma ga rashin kunyar da ke cikinta. Motar tana gareji. Kayan gyaranta daga waje ake kawo su, dala kuwa ta tashi. Al'amari ne na kasuwar duniya, wanda karatun jaridar ƙunshin tsire ba zai fahimtar da kai ba. Kulsumu ta rage gishiri, ta riƙe addu'a. Kada ka kuskura ka ɗora ta a babur. Ana maganar ba ni muƙami a Gusau, idon mutane na kan gidanmu. Allah ya sauke ta lafiya.

Kawunka, Alhaji Maitama

Shinkafi, Mayu 2001

Kawu,

Salamu alaikum, ina gaisuwa tunda haka aka koya mana.

Na ɗora ta. Ran Alhamis ta fara jijjiga, na ari babur ɗin Sanusi maƙwabcinmu, matarsa ta ɗaure min ita a baya da zane. A hanya yaran kwamitinku masu sanduna suka tare mu. Na ce yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shari'a ba ta hana ba. Babbansu, wanda ban tabbata Fatiharsa ta gyaru ba, ya ce kowa haka yake faɗa, in kawo shaida. Na ce ɗiyar ƙanwarka ce. Kana kasuwar Shinkafi ranar, suka aika. Ɗan aike ya dawo da amsarka: "Doka ba ta san dangi ba." Suka zare makullin babur.

A amalanken shanu ta ƙarasa asibiti. Muna tafe motar mata ta wuce mu shaƙe da buhunan albasa. Ashe dala ta sauka, Kawu, rediyo ne bai faɗa ba.

Likita ya ceto Kulsumu. Ɗan kuwa, ya ce mun makara. Namiji ne. Ka huta lafiya.

Hayatu

Galadi, Mayu 2001

Kawu,

Salamu alaikum. Buhun geron ta'aziyyarka na nan ƙofar gida, ba mu shigar da shi ba. Kulsumu ta farfaɗo, tana tambayar ko ka samu labari. Ran Juma'a ina zuwa Ƙaura. Da liman ya sallame zan miƙe in tambaye ka da ƙarfi: Kulsumu ɗiyar wa ce? Kada ka rubuto min. Ka amsa a can, gaban sahu.

Wassalam,
Hayatu